Naman Da Ɓarawo Ya Bari

Sufeto Baltasar Techera ba ya son watan Satumba. A ƙasarsu ta kudancin duniya, a watan ne hunturu ke ƙarewa. Da zarar sanyi ya fara ja baya, ciyawa ta tsiro, tumaki suka shiga haihuwa, sai ƙarar sata ta cika ofishinsa. Amma bai taɓa ganin mai ƙara riƙe da bulumboti ba sai Doña Ermelinda.

"An sace mini Auta, Yallaɓai. 'Yar tunkiyata ce, mai baƙin tabo a kafaɗa, a kicin take kwana gefen murhu. Maƙwabcinmu Wilfredo ne, kullum idonsa na kan shingenmu."

Kowa a garin ya san labarinta. Ita da mijinta Don Nicanor sun yi ritaya daga koyarwa, suka sayi ɗan fili suna kiwon tumaki don sha'awa. Bara 'yarsu tilo Amparo ta rasu, ta bar tunkiyar da ta raina da hannunta. Tunkiyar ta mutu wajen haihuwa kwanan baya, 'yarta Auta ce kaɗai ta rage.

A gonar, Don Nicanor ya miƙa wa Sufeto ƙoƙon mate, shayin ganye na yankin.

"Baba, yaya haihuwar bana?"

"Lafiya lau. Ban da ta Amparo, ko ɗaya ba mu rasa ba."

Sufeto ya zagaya bayan rumbun ciyawa. Ƙudaje ne suka kai shi wurin: gawar 'yar tunkiya an feɗe ta tas, an rufa mata buhu. Doña Ermelinda ta kurma ihu, a zatonta Auta ce.

Shi kuwa Sufeto tsugunawa ya yi. Duk ɓarayin tumakin da ya taɓa kamawa nama suke ɗauka su yar da fata. Wannan ya tafi da fata ya bar nama.

Ya tsallaka wurin maƙwabcin, ya tarar da Wilfredo yana gyaran shinge.

"Ni? In saci wannan ƙashi da rai?" Wilfredo ya yi tsaki. "Madarar saniya suke ɗura mata, zawo ya kusa gamawa da ita. Malaman makaranta da kiwo! Gara ma ka tambaye su tunkiyarsu da ta yi ta kuka kwana biyu cur, yau da safe ta yi tsit."

Sufeto ya koma, ya shiga garken kai tsaye. A lungu ya ga wata tunkiya an ware ta, 'yarta na tsotso tana kaɗa bindi. Ya cafko 'yar, ya shafa bayanta. Fatar ta zame. Wata fatar ce aka ɗaura mata da zare a wuya da ƙafafu. Ya ɗaga gefe, sai ga baƙin tabo a kafaɗa.

"Auta!" in ji Doña Ermelinda.

Sufeto ya juya. "Baba, ka ce ba ku rasa ko ɗaya ba. Gawar can fa?"

Don Nicanor ya cire hularsa.

"Ta wannan tunkiyar ce, shekaranjiya ta mutu. Tunkiya ba ta shayar da ɗan wata tunkiyar, da ƙamshi take gane nata. Shi ne na feɗe matacciyar, na sa wa Auta fatarta."

"Tsoho, kai ne?" Ta kalle shi kamar baƙo. "Kana ji ina kuka ka yi shiru?"

"Na roƙe ki mu ba ta uwa, kin ƙi. Mutuwa za ta yi a hannunki, Ermelinda. Ranar Lahadi na ji kin kira ta Amparo." Hawaye suka zubo masa. "Na tsaya da ke a bakin kabari sau ɗaya. Ba zan iya na biyu ba."

Tausayinsa ya kama Sufeto, amma an riga an rubuta sunan Wilfredo a ƙara, kuma tsohon yana ji ya ƙyale.

"Mu je ofis, Baba, ka faɗi wannan da bakinka a wanke maƙwabcinka."

Ya riƙe masa hannu har mota. Kafin ya tayar, ya waiwaya. Doña Ermelinda ta durƙusa a bakin garke, ta miƙa bulumbotin tana kira a hankali.

"Auta. Zo, 'yata. Zo."

'Yar tunkiyar ta ɗago kai ta kalle ta. Sannan ta koma ƙarƙashin sabuwar uwarta ta ci gaba da tsotso.