Maganar Inno a Bakin Baturiya

"Mayar da shi baya, Anti Mero! Mayar min da wurin nan baya!"

Matar yayana ta riƙe wayar ƙam ta ƙi saki. Na fizge.

Fim ɗin na san shi kamar yunwar cikina. Tsohon fim ne na soyayya, baƙi da fari, wanda aka ɗauko daga littafin wani marubuci ɗan ƙasar Scotland, labarin 'yar masunci da malamin makarantar da aka turo tsibirinsu. A kansa nake rubuta binciken digirina na biyu. Ni da hannuna na ba Muntasir shi, mutumin da zan aura da zarar an buɗe iyakoki mun koma gida. Tunda korona ta kulle Kuala Lumpur ya mayar da ɗakinsa wurin fassarar fina-finai irin ta Kano. Shi ne muryar namiji, shi ne ta mace, shi ne ta tsohuwa, yana tura wa 'yan Najeriyar da ke unguwar Danau Kota su rage zafin zaman gida.

Na danna. Ga baturiyar tsaye a bakin teku, ga Muntasir ya siranta murya yana magana da bakinta.

"Ranar da zan bar gida na durƙusa gaban Inno na ce zan tafi. Ta dube ni ta ce, 'Yarinya, ke 'yar gidan wa ce?' Ta kwance bakin zaninta ta ba ni goro, ta ce in gaida mahaifiyata..."

Maganata ce.

Harafi ɗaya bai canza ba. Ko sunan bai canza ba!

Inno mahaifiyarmu ce, kuma shekara uku ke nan ciwon mantuwa yana cin ta. Mutum ɗaya tak na taɓa ba labarin ranar da na taho, a waya, ina kuka kamar raina zai fita, yana cewa, "Yi shiru Noor, asirinki asirina ne." Noor sunan da Muntasir ya laƙaba min ne.

"Khaulah, bi a hankali," in ji Anti Mero. "Ba ki ma ga abin da ke group ɗin mata ba."

Na buɗe. Hureira ce, 'yar layinmu a Gwammaja, wadda tun zuwanta Malesiya take aika wa Muntasir dambun nama wai don zumunci. Ta yanko wurin daidai, ta rubuta a ƙasa:

"Allah sarki, wai ba Innon su Khaulah ba ce? Mu fa ciwon ƙafa aka ce mana. Allah dai ya sa ba gadonsa ake yi ba."

Mata sittin da wani abu ne a ciki. Addu'o'i sai zubowa suke, kowace da irin nata tausayin mai ƙaiƙayi.

"Khaulah!"

Yaya Ashafa ne ya fito daga ɗakin da yake karatunsa, ko tabarau bai cire ba.

"Na'am, Yaya."

"Uwar tamu kika ɗauka kika kai wa mai kwaikwayon muryar mata? Shekara uku muna rufa mata asiri!"

"Ciwo ne fa, Yaya, ba sata ta yi ba!"

"Rufe min baki! Tun farko na ce yaron nan bakinsa ba linzami, kika ce ban waye ba. To na zare hannuna daga maganar auren nan. Yau zan kira Kawu."

Ya buga ƙofa. Na tsaya ina huci, na rasa wanda na fi jin haushi, shi, ko Hureira, ko kaina da na saki baki. Ƙarya nake yi, na san wanda na fi jin haushi sarai.

Na ɗauko wayata na kira Muntasir. Kira ɗaya ya ɗauka.

"Noor! Kin gani? Ya kika..."

"Me matar nan ta ce a bakin teku, Muntasir?"

Ya fara inda-inda.

"Na ce me ta ce? Da Turancinta!"

"Wallahi ban ji ba. Kin san Turancin mutanen nan, kamar suna tauna tsakuwa, ga ƙarar ruwa, ga ba rubutu a ƙasa. Sau goma na maimaita. Kuma ai haka aikin yake, in ba ka ji ba sai ka cike da abin da ya dace da fuskar mutum."

"Maganar komar babanta take yi! Komar kamun kifi ta yage, tana tunanin yadda za su ci abinci. Shafi na ɗari da sha biyu! Da ka kira ni da na karanta maka!"

"So nake in ba ki mamaki..."

"Ka kuwa ba ni!"

Na kashe wayar gaba ɗaya.

Kwana huɗu ban kunna ta ba. Kwana huɗu ina kai da kawo tsakanin ɗaki da baranda a hawa na sha bakwai, ina kallon titin da babu kowa sai masu babur ɗin kai abinci. Wanda bai yi fushi a cikin kulle ba bai san fushi ba. Babu gidan ƙawar da za ka je ka amayar, babu kasuwar da za ka shiga ka huce. Na wanke banɗaki sau uku, na ƙona shinkafa sau biyu. Abin takaicin, duk da haka ina kewarsa, kuma wannan ya fi komai ƙona min rai.

Anti Mero ce ke kawo min rahoto ko ban tambaya ba. Muntasir ya goge fim ɗin. Ya ba da haƙuri a group ɗin maza. Ya kira Yaya sau tara bai ɗauka ba, a na goman Yaya ya saurare shi, har ya sauko ya ce magana tana hannuna. Hureira kuwa ta kira Muntasir wai ta jajanta masa, ya ce kada ta sake neman lambarsa.

"Ya yi nadama, Khaulah. Ɗan Adam ajizi ne."

"Gogewar banza, Anti. An riga an tura shi Kano."

Rana ta biyar, da hantsi, maigadi ya bugo daga ƙasa ya ce ina da baƙo, amma doka ta hana baƙi shiga. Na zura hijabi da takunkumi na sauka.

Muntasir ne tsaye a bayan ƙarafunan get, rana na dukansa, riƙe da leda. Ya rame.

"Na ce wa 'yan sanda cefane na fito," ya ce. "Na sa an ƙunso miki gurasar roti a gidan abincin mamak, irin wadda kike so."

"Ba yunwa nake ji ba."

"Noor, don Allah..."

"Khaulah sunana."

Ya sauke ledar ƙasa.

"Na yi kuskure. Ban da hujja. Na ga fuskar matar nan, sai muryarki ta faɗo min, tun ranar da kika faɗa min maganar ba ta bar kaina ba. Na yi niyyar canza sunan, na manta. Wallahi ba da mugunta ba ne."

"Na sani."

"To ki yafe min mana. Ki ga saƙonnin da na samu, Khaulah. Wani ya ce shekara biyu bai kira mahaifiyarsa ba, sai da ya kalli wurin nan. Kowa cewa yake nan ne ya fi kyau a duk fim ɗin, mutane har kuka..."

Ya tsaya da kansa. Amma na riga na ga idonsa. Takunkumi ya rufe bakin, bai rufe idon ba, kuma idon murna yake yi.

"Ya yi kyau ko?" na ce.

"Ba haka nake nufi ba."

"Haka kake nufi! Uwata ta manta ni, kai ka samu wurin da ya fi kyau a fim!"

"Khaulah, ina son ki! Ki yanke min duk hukuncin da kika ga dama, in daina fassarar ma zan daina. Kar dai ki bar ni."

Muryarsa ta karye, tawa zuciyar ma ta karye, don ina son sa, ba zan ɓoye muku ba. Na matso har na dafa ƙarfen get ɗin. Da safen nan ƙanwata ta haɗa ni da Inno a bidiyo, kuma Inno ta yi wata magana da tun lokacin take cin ƙirjina. Duk duniya shi kaɗai nake son in faɗa wa.

"Ɗazu na yi waya da Inno," na ce.

Ya ɗago da sauri. "Ya jikinta? Me ta ce?"

Na buɗe baki.

Sai na ji ina auna maganar. Ina cire wannan, ina rage wancan, ina tunanin yadda za ta fito idan aka siranta murya aka faɗe ta. A gaban mutumin da zan kwana in tashi da shi har ƙarshen rayuwata!

Na rufe bakina.

"Khaulah? Me ta ce?"

"Ba zan iya faɗa maka ba."

"Na rantse ba wanda zai..."

"Ba ƙi na yi ba, Muntasir. Kasawa na yi." Hawaye ya jiƙa min takunkumi. "Na yafe maka, har ga Allah. Amma ba zan zauna da mijin da sai na tace magana kafin in yi kuka a gabansa ba."

Na zare zobensa na ajiye a kan teburin maigadi, kusa da robar man wanke hannu. Yana kiran sunana, na gaskiyar, har lif ya rufe.

Bayan an buɗe iyakoki ya koma Kano, ni na tsaya na kare bincikena. Abin da Inno ta ce min ranar nan kuwa, har ta koma ga Mahaliccinta ban faɗa wa kowa ba.

Ku ma ba zan faɗa muku ba.