Gahawar Da Ta Huce

"Nidal, don girman Allah ka dube ni..."

Bai dube ni ba.

Yana tsaye a tsakiyar kufan kasuwar Rumawa ta Jarash, ya jingina da bakin kwarmin ruwan da ya daɗe da ƙafewa, yana juya katinsa na ɗan jagora a hannu. Shekara biyu da suka wuce a daidai nan na fara ganinsa, ranar da muka zo yawon buɗe ido daga Irbid, ni da Sausan ɗiyar gwaggona. Yana nuna mana teburin dutsen da mahauta suke saran nama a kai, ni kuwa ko kalma ɗaya ban riƙe ba, shi kawai nake kallo.

"Rahaf, ki koma gida," ya ce a hankali.

"Ba inda zan je."

"Maza talatin na kai gidanku. Baffa Salama shekararsa saba'in da takwas, da sanda ya hau benenku. Kin san abin da aka yi masa?"

Na sani mana, ina laɓe a bayan labule na ga komai. An zuba wa Baffa Salama gahawa, ya ajiye finjalin a gabansa bai sha ba kamar yadda ake yi, ya nema wa Nidal, ɗan ƙanensa, aurena. Abin da ya rage kawai Baba ya ce, "Ku sha gahawarku." Baba kuwa ya yi gum. Tururi ya daina tashi, gahawa ta huce, tsohon ya miƙe ya fita, maza talatin suka bi bayansa. Farantan kunafa, kayan zaƙin da Mama ta saya, ko buɗe su ba a yi ba.

Sai bayan sun tafi Baba ya jefo mini wayarsa. Hoto ne aka turo masa ana saura 'yan mintuna baƙi su iso: Nidal a durƙushe gaban wata Baturiya, yana riƙe da hannunta, tana dariya.

Sausan ce ta turo. Ko musu ba ta yi ba da na tsare ta, cewa ta yi, "Ni na fara ganinsa." Ashe mota ta shiga ta dawo Jarash ita kaɗai, ta wuni tana bin bayansa da waya. Ɗiyar gwaggona, wadda muke cin abinci a faranti ɗaya!

"Ranar Lahadi zan tafi Aƙaba," in ji Nidal. "Na samu aiki a tashar jiragen ruwa. Baffa ya rantse ba zai ƙara taka gidanku ba, ni kuma ba zan sa shi kaffara ba."

Na dafa bakin kwarmin.

"Hasken idona, kwana uku ban ci ba, ban runtsa ba. In ka tafi ni kuma fa?"

Ya runtse ido.

Na zaro tikiti daga jakata na ɗaga masa.

"To ka manta da Rahaf. Baƙuwa ce ni, na biya a ƙofa, ina son ɗan jagora. Kuma tikitin biyu ne."

Sai a lokacin ya ɗago.

Baba yana zaune can cikin inuwa a ƙofar wani rusasshen shago, ya ja jan rawaninsa har gira. Tafiyar ƙasa da awa guda ce daga gidanmu, amma tun da aka haife shi bai taɓa zuwa nan ba, wai kallon duwatsu aikin Turawa ne da marasa abin yi. Kwana biyu ina rantse masa cewa hoton ba yadda ya gan shi yake ba, yana cewa idonsa ba ya ƙarya. Da asubar yau na riƙe ƙafarsa ina kuka, na ce ya zo ya gani sau ɗaya, in ya gani ya sake cewa a'a, ba zan ƙara ambatar sunan Nidal ba har in mutu. A kan haka ya yarda. Wallahi tun da na faɗa nake da-na-sani, don Baba ba ya mance alkawari.

Nidal ya rataya katinsa a wuya, ya ƙarasa.

"Barka da zuwa, Baffa."

"Ni ba baffanka ba ne. Yi aikinka."

Ya yi kuwa. Ya zagaya da mu shago shago, nan masu mai, nan mahauta, muryarsa a bushe kamar bai taɓa saninmu ba. Baba yana tafe yana tsaki.

"Kasuwar da ba mai saye ba mai sayarwa, ita ce har da biyan kuɗin shiga?"

Daga nan muka haura tudu zuwa wajen dogayen ginshiƙan da ke sama da kasuwar. Wani ɗan jagoran, dattijo mai furfura, yana durƙushe gaban wani jibgegen Bature, ya kama hannunsa yana cusa yatsansa a ƙarƙashin ginshiƙi. Baturen ya yi ƙara ya fizge hannu, matarsa tana ta ɗauka a waya.

Baba ya tsaya cak.

"Me wancan yake yi?"

"Abin da muke yi kullum," in ji Nidal. Ya durƙusa, ya miƙo hannu. "Kawo yatsanka, ranka ya daɗe."

Baba ya dube ni, ya dubi hannun. In ya juya yanzu shi ke nan, na riga na yi alkawari.

"Baba..." kawai na iya cewa.

Ya sunkuya da ƙyar, ya ba da hannun. Nidal ya sa yatsan a 'yar tsagar da ke tsakanin ginshiƙin da gindinsa. Iska ta kaɗo. Sai na ga idon Baba ya fito waje.

"La ilaha illallahu, motsi yake yi! Dutsen nan matsa mini yatsa yake yana saki."

"In ba a riƙe hannun ba, tsoro ke sa mutum ya fizge ya ji ciwo," in ji Nidal.

Baba bai tashi ba. Da ɗaya hannun ya laluba wayarsa, ya buɗe hoton, ya dubi ginshiƙin da ke bayan Baturiyar, ya dubi wanda ke gabansa. Har tsagewar da ke jikinsa iri ɗaya ce. Ya daɗe a haka, sannan ya miƙe yana kaɗe gwiwa.

"Ba a iya yi da cokali?"

"Ana yi, Baffa."

"To daga yau da cokali za ka riƙa yi wa matan mutane."

Dariya da kuka suka haɗe mini. Baba ya yafito mai gahawar da ke yawo da butarsa, ya karɓi finjali, ya miƙa wa Nidal da hannun dama.

"Sha gahawarka, ɗana."

Nidal bai karɓa ba.

"Ka gafarce ni, Baffa. Ba tawa ce ta huce ba."

Na ji kamar an kwaɗa mini mari. Mun zo har nan, sai kuma a rasa? Na dubi Baba, wanda ban taɓa jin ya ba wani mahaluƙi haƙuri ba, ko Mama. Fuskarsa ta yi ja.

Ya mayar wa mai gahawa abinsa.

"Ina gidan Salama yake?"

Bayan la'asar muka isa. Matan gidan suka ja ni ciki ba yabo ba fallasa, na sake samun kaina a bayan labule. Baffa Salama da kansa ya zuba gahawa. Baba ya karɓa, ya ajiye a ƙasa bai sha ba.

"Na wulaƙanta ka a gaban mutanenka, a kan abin da ban bincika ba. Na zo neman afuwa. Na kuma zo in ce 'yata taku ce, in har kuna so."

Tsohon ya zuba wa finjalin ido.

Ni ma shi nake kallo. Tururin yana raguwa... yana raguwa... Na cusa mayafina a baki don kada kukana ya fito. Nidal yana tsaye a bakin ƙofa, kansa a ƙasa.

Saura ƙiris tururin ya ɗauke, Baffa Salama ya tura finjalin da kan sandarsa zuwa gaban Baba.

"Sha da sauran zafinta, baban Rahaf. Na ga yadda mai sanyi take, ba na so maka."