Bangon Baba a Bayan Tasha

"Buɗe idonki, Zumata!"

Selina ba ta buɗe ba, don hancinta ya riga idonta isa wurin. Tun da Zira, saurayin da za ta aura, ya sauke ta daga keke ya rufe mata fuska da tafin hannu, wai zai nuna mata abin mamaki, wani wari ke dukanta, irin mai tara yawu a baki.

Da ta buɗe sai ga sabon gini a bayan tasha, ya sha farin fenti. Maza na fitowa da butoci suna gyara wando. Ƙudaje kuwa, kai! Kamar an gayyace su biki. Gidan wanka da bahaya ne.

A saman bangon, daga wannan kusurwa zuwa waccan, ga zanenta. Tauraro a cikin zobe, zobe riƙe da zobe, an zuba da siminti an jera bulo bisa bulo.

"Zira... mene ne wannan?"

"Aikina na farko ke nan!" Sai washe baki yake, shi a dole mai zanen gine-gine. "Dubi yadda iska ke ratsa hujin. Nan ya fi ko'ina a tashar nan dama-dama."

Dama-dama! Wannan ne dama-daman?

Selina leshi take saƙawa da hannu, irin wanda ake kafa fil a kan matashi ana sarƙa zare da 'yan sanduna. Wata tsohuwa a zumuntar matan coci ce ta fara koya mata, sauran ta ƙarasa a waya. Ba ta yin furanni irin na kowa. Tagogi da ƙofofin Mubi take kallo ta mai da su zare. Wannan zanen kuwa daga hoton mahaifinta ta ɗauko shi, Ezekiya magini, wanda ya rasu tana goye. Hoto ɗaya tal ya bari, yana tsaye gaban wani bango mai huji-huji da ya zuba a gidansu na Michika, gidan da yanzu ko tubali bai rage ba. Da zanen take saƙa lulluɓin aurenta. Ƙyallen gwajin ne ta ba Zira ya riƙa sawa a aljihu yana tunawa da ita.

"Bangon Babana ka ɗora wa masai?"

"Zumata, saurara mana..."

"Kar ka sake ce min Zuma a wurin nan! Abin da zan ɗora a kaina ranar aure, shi kowane ƙato zai tsuguna yana kallo yana nishi?"

"Na ɗauka za ki ji daɗi..."

"Ka tambaye ni?"

Ya sosa ƙeya yana kallon bangon.

"Tir! Wallahi ƙyanƙyaminka nake ji, Zira."

Ta zare zoben baikon daga yatsanta ta danƙa masa, ta tofar da yawu, ta tare keke.

Har ta isa gida a unguwar Lokuwa warin bai bar ta ba. Ta yi wanka, ta sake kaya, a banza. Ta zauna gaban matashin, sandunan na reto, lulluɓin ya kusa ƙarewa. Kowane tauraro ta kalla sai ta ga ƙuda a kai. Ta ɗauki almakashi tana kuka.

"Ke! Ajiye abin nan!" Mamanta Rachael ce a bakin ƙofa, hannu duk gari. "Ga Zira can a waje kamar kazar da ruwa ya doka. Me ya haɗa ku?"

"Mama, na fasa auren. Bangon Baba ya kwafa ya manna wa masai na tasha!"

"Wane bangon?"

Selina ta nuna hoton da ke rataye.

Mama Rachael ta dubi hoton, ta dubi 'yarta. Sai kafaɗunta suka fara rawa. Ta zauna daɓas a bakin gado tana dariya har da riƙe ciki.

"Mama! Dariya ma kike?"

"Wayyo Selina... ke da wane bango kike tsammani? Na falo? Bayan gidanmu ne!"

Almakashin ya faɗi ƙasa.

"Da cikinki na yi laulayi ba na wasa ba," in ji Mama, dariyar na lafawa. "Ko kusa da bayan gida na je sai amai. Babanki ya rushe bangon da hannunsa, ya zauna yana sassaƙa katakon zubi, wai sai ya yi min inda iska za ta wuce. Na ce kowane huji ma ya isa. Ya ce a'a, matarsa ba za ta kalli abu mummuna ba ko a can ne. Da ya gama ya sa rigar coci ya kira mai hoto, duk unguwa ana masa dariya."

Yanzu hawaye ne a fuskarta. "Kunya ce ta hana ni faɗa miki. Na ga kina ji da abin."

Ta ɗaga murya. "Zira, shigo! Kai kuma mara kunya, a ba ka abu don soyayya ka kai tasha ba ko sallama?"

Ya durƙusa. "Na yi laifi, Mama. Selina, ki yafe min... gobe zan sa a toshe shi."

"Ka toshe mutane su mutu da wari?" Selina ta harare shi tana jan hanci. "Har yanzu warin tashar kake yi, matsa can. Ka je ka yi wanka tukuna ka kawo min zobena."

"Na gode, Zumata!"

"Ban gama ba. Gidan da za ka gina mana, ina son bangon nan a ciki."

"A falo zan sa shi, kowa ya gani!"

Ta jawo matashin kan cinyarta, ta kama sandunan, ta ɗaga kai ta dubi hoton mutumin da ke cikin rigar coci.

"A'a. Inda Baba ya sa shi."