Abin da Ɗankwali Ya Rufe

Ranar da aka raba Magdalina da 'yarta, wanki take yi a tsakar gidan hayarsu da ke Maitumbi, hannunta duk kumfar sabulu. Surukarta ce ta shigo ko sallama babu, ta wuce ɗaki ta tattara kayan Favour a jakar bakko. Yarinyar 'yar shekara biyar ta riƙe zanin uwarta tana kuka, aka ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, aka jefa ta cikin keke napep, sai tashar motar Kuta. Magdalina ta bi su da gudu har bakin titi ba takalmi, tana kiran sunan 'yarta har muryarta ta dushe. Tsohuwar ta leƙo ta ce mata, "Mai taɓin hankali ba ta riƙon ɗa. Ki je ki nemi magani."

Wayyo rayuwa... Marainiya ce Magdalina, daga kudancin Kaduna aure ya kawo ta Minna, ba ta da uwa ba ta da uba, ba ta da wanda zai tsaya mata. Mijinta Zamani kuwa ma'aikacin gwamnati ne, kuma sakataren cocinsu, shi ke karanta sanarwa ranar Lahadi cikin farar riga da murya mai sanyi kamar ba zai iya kashe sauro ba. A gida kuma wani mutum ne daban. Idan miya ta yi gishiri, ko ta daɗe a kasuwa, sai ya rufe ƙofa ya zare bel, ya naɗe jelar a hannu ya bar ƙarfen yana lilo. Kuma mugun yana da lissafi, bai taɓa taɓa mata fuska ba. A tsakiyar kai yake sauke ƙarfen, inda ya san ɗankwali zai rufe.

Shekara huɗu tana haɗiyewa. Da ya buge ta har ta suma a gaban yarinyar ne ta ce ya isa, ta tafi ofishin 'yan sanda. Ɗan sandan da ke teburin karɓar ƙara ya dube ta sama da ƙasa ya ce, "Madam, ina ciwon?" Ta ɗaga hannu za ta kwance ɗankwali, ta ga maza cike da wurin suna kallonta, sai hannun ya dawo da kansa. Ya yi dariya ya ce maganar miji da mata ce, su je gida su sasanta. Da labari ya kai coci, dattawa suka zaunar da su, suka ce ta tona asirin gidanta, suka sa ta durƙusa a kan siminti ta roƙi Zamani gafara. Shi kuwa har da share hawaye, ya shaida musu cewa ya daɗe yana rufa mata asiri, farfaɗiya gare ta da taɓin ƙwaƙwalwa, faɗuwa take yi tana fasa kanta. Daga ranar, idan ta zauna a bencin zumuntar mata sai ta ga ana ja gefe. Bayan an tafi da Favour da kwana biyu, ya watso mata kayanta waje.

Wata mai sayar da shinkafa ce ta ba ta tabarma a bayan shago, ita ce kuma ta nuna mata ofishin Barista Na'ima, lauyar da ke tsaya wa mata kyauta. Baristar ta saurare ta har ƙarshe, ta miƙa mata ruwa, sannan ta faɗa mata gaskiya mai ɗaci.

"Maman Favour, na yarda da ke. Amma kotu da hujja take aiki. Kina da takardar likita?"

"Bai taɓa barina na je asibiti ba, Barista."

"Maƙwabta fa?"

"Sun ji... kullum suna ji. Na roƙe su, sun ce ba sa shiga kotu."

"Tabon da ke kanki mijinki zai ce faɗuwa ce. Idan alƙali ya yarda ba ki da lafiya, yarinyar ta tafi ke nan."

Magdalina ta fito tana tafe ba ta ganin hanya. Ba ɗaurin Zamani take nema ba, Allah ya sani, 'yarta kawai take so. Kullum da asuba sai ta durƙusa a kan tabarmar nan ta ce, "Ubangiji, kai ka ga abin da ya faru a ɗakin nan. Ba ni da shaida sai kai."

Ranar wata Asabar sai ga Barira ta zo nemanta. Barira, wadda ake kira Maman Sadiq, mai kitso ce a Shango, mace mai jiki da yawan tsokana, wadda duk sati biyu Magdalina ke zama tsakanin gwiwoyinta tun zuwanta garin. Ta tsaya a kanta da mayafi a kafaɗa ta ce, "Maman Favour, wata guda ba ki zo ba, na ce ko kin samu wadda ta fi ni hannu ne." Magdalina ta so ta yi dariya, sai kuka ya ƙwace mata. Barira ta zauna a tabarmar, ta bar ta ta yi mai isarta, sannan ta ciro waya.

Kowa a Shango ya san al'adar Barira. Duk kan da ta gama sai ta miƙe tsaye ta ɗauki hotonsa daga sama, ta ɗora a waya don mata su ga samfuri su zo. Na Magdalina ma tana ɗauka, amma yawancinsu ba ta taɓa ɗorawa ba. Ta riƙa turo su ɗaya bayan ɗaya, ga kwanan wata a jikin kowanne. Magdalina ba ta taɓa ganin tsakiyar kanta ba sai ranar. Ga tsaga ta taho a miƙe, sai ta karkace ta zagaye wani rauni mai kusurwa huɗu, ta koma hanya. Wani hoton rauni ɗaya, wani biyu, duk siffarsu ɗaya.

"Ashe kina gani, Maman Sadiq..."

"Yaya ba zan gani ba? Ni nake lanƙwasa tsagar don kada tsinke ya taɓa miki. Kin ɗauka man kaɗanyar da nake shafa miki na gayu ne?" Barira ta miƙa mata wayar. "Innata da ta koya mini sana'ar nan ta gargaɗe ni, abin da na gani a kan mace kada ya wuce gwiwoyina. Shi ya sa ban taɓa tambayarki ba, kuma wallahi yanzu shirun nan yana cina. Maigidana Malam Mika'ilu ya ce kada na shiga rigimar da ba tawa ba, mata za su guje ni su ce ina tona asiri. Na ce masa su guje. Amma kanki ne, ba nawa ba. Sai kin ce to."

Magdalina ta daɗe tana kallon wayar. Ta tuna idanun mazan nan na ofishin 'yan sanda, ta tuna yatsun Favour a jikin zaninta. Ta ce, "To."

Da hotunan nan Barista Na'ima ta shigar da ƙara. Ranar zama, kotun majistare ta cika da 'yan coci, Zamani na gaba cikin farar rigarsa. Ya maimaita labarin farfaɗiya cikin natsuwa, har wasu mata na girgiza kai don tausayinsa. Aka kira Barira ta rantse, aka miƙa hotunan da aka wanke. Likitan da kotu ta sa ya duba Magdalina ya ce bai ga alamar farfaɗiya ba, kuma faɗuwa ba ta barin tabo iri ɗaya sau goma sha ɗaya a tsakiyar kai. Sai Barista Na'ima ta ware hotuna goma sha biyu a jere ta ɗora a gaban alƙali. A cikinsu babu rauni ko ɗaya, tsaga a miƙe tun daga goshi har ƙeya.

"Malam Zamani, daga watan Maris zuwa Agusta na bara, ina kake?"

Ya nemi ruwa. Baristar ta ɗaga takardar wurin aikinsa, wadda ta nuna an tura shi kwas na wata shida a Ilori. Ta ce, "Ranka ya daɗe, wannan wace irin farfaɗiya ce da take tafiya kwas tare da miji, ta dawo ranar da ya dawo?"

Babu wanda ya ce mata ta yi, amma Magdalina ta miƙe, ta kwance ɗankwalinta a gaban kowa, ta sunkuyar da kai. Hawaye na ɗiga a kan siminti, ba ta share ba. Shugabar zumuntar mata ta rufe fuska da gefen zani ta fashe da kuka. Dattawan da suka sa ta durƙusa suka kasa ɗaga ido. Alƙali ya yanke wa Zamani ɗaurin shekara biyu, ya ba da umarni a dawo da yarinyar hannun uwarta kafin sati ya zagayo. Aka fita da shi ta ƙofar baya, kuma kamar yadda ake yi wa duk mai shiga gidan yari, sai da aka karɓe bel ɗinsa, ya tafi yana riƙe da wando.

Surukar da kanta ta kawo Favour daga Kuta, ba ta iya haɗa ido da kowa ba. Yarinyar ta rame, kanta duk ya cukurkuɗe. Ta ruga ta faɗa jikin uwarta, Magdalina ta durƙusa a ƙasa tana shinshinar wuyanta tana cewa, "Na gode Yesu... na gode," ba ta iya ƙara komai ba.

Mata biyu ko uku sun daina zuwa wurin Barira, ta ce Allah ya raka taki gona, dama masu ƙwarƙwata ne. Asabar ta gaba Magdalina ta zauna tsakanin gwiwoyinta, Favour na gefe tana jiran layi. Akwai wuraren da gashi ba zai sake fitowa ba, Barira ta taɓa su a hankali ta ce, "In zagaye su kamar da?"

"A'a, Maman Sadiq. Ki miƙe tsagar."

Barira ta miƙe ta. Da ta gama ta ɗauki hoto, wannan karon ta ɗora shi kowa ya gani. Magdalina ta naɗe ɗankwalin ta saka a jaka, ta kama hannun 'yarta, suka fita titi neman keke.