Na Kasa Durƙusa wa Surukai

"Hannun dama a sama, Yeo-ul! Hagu a sama ai na maza ne! Ke ba mace ba ce?"

Goggo ce ke ta zabga mini tsawa. Koya mini take yi yadda zan durƙusa wa iyayen Tae-geon, wanda zan aura, ranar sabuwar shekara, gaisuwata ta farko a matsayin suruka. Ɗamarar hanbok, rigar gargajiyarmu ta Koriya, ta matse mini ƙirji tamau, numfashi ma da ƙyar.

"Oh ni 'yasu! Yarinya ƙiƙam kamar an dasa icce! Gidan manya za ki fa, ba kasuwar kifi ba."

Umma na gefe tana yayyanka curin shinkafa, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Tambayar nan ta Goggo, ko ni ba mace ba ce, ita ce ta tsaya mini a rai. Na tattare riga na fice, ko takalmin kirki ban saka ba.

Tae-geon na ƙofar gida cikin mota yana jirana. Yana ganina ya washe baki.

"Amarya! An gama horon sojan?"

"Kar ka kira ni haka..."

"Masoyiyata, lafiya? Goggon ce? Rabu da ita, bakinta ya fi barkono."

Na zauna kusa da shi. Na daɗe ina juya maganar nan a raina ni kaɗai, a bayan gida, a cikin jirgin ƙasa, amma ban taɓa jin ta a kunnena ba.

"Tae-geon, ni ba mace ba ce."

Ya yi dariya. Da ya dubi fuskata sai dariyar ta mutu.

"To... namiji kike son zama?"

"A'a. Na gwada ai. Da ina karatu a garin Busan na aske kaina, na shiga kayan maza. Nan ma baƙunta na yi. In aka ce mata su koma kicin, maza su jeru gaban teburin girmama kakanni, ni a bakin ƙofa nake tsayawa. Ban san inda zan sa ƙafa ba."

"Haba, Yeo-ul! Sau nawa ne a shekara? Ki daure ki yi musu, mu dawo gidanmu. Ni ne babban ɗa, Ummata ta ƙosa ta ga wadda za ta miƙa wa hidimar gidan."

"Zan iya daurewa saboda su. Kai fa? In mun rufe ƙofa, wa za ka gani?"

Ya ƙura wa sitiyari ido, hawaye suka zubo masa shar.

"Ina son ki kamar raina," ya ce a hankali. "Amma mata nake nema... Ban san yadda ake ɗayan ba. Ki yafe mini."

Da ma zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi! Na fita na rufe masa ƙofa. Ya daɗe bai tada motar ba, ni ma na daɗe ban motsa ba. Daga baya ya tafi.

Ina juyowa na ga Umma a bakin ƙofa, rungume da rigar sanyina. Gilashin motar a sauke yake, ta ji komai.

Na jira mari, ko maganar abin kunya da bakin dangi.

"Ban gane ba," ta ce. "Ba zan yi miki ƙarya ba, ko kaɗan ban gane ba. Tun yaushe?"

"Tun ina firamare, Umma."

Ta dube ni.

"Tun firamare... Muna ci a tebur ɗaya, muna kwana ɗaki ɗaya, ashe ke kaɗai kike?"

Na gyaɗa kai.

Ta yafa mini rigar, ta riƙe wuyan rigar gam da hannu biyu, ta kifa goshinta a kafaɗata. Ita ta riga ni fashewa da kuka.