Dutsen Niƙan Kufai

Shekarar da aka samu mulkin kai ne Mamuda ya tura gonar gyaɗarsa har cikin kufan da ke bayan garin Wurma, inda ganuwa ta zube tun kafin kakanni. Garmarsa ta tono wani dutsen niƙa, ya kawo wa matarsa Rekiya.

Da asubar fari tana durƙushe tana niƙan gero, sai ta ji sallama a bayanta. Wata tsohuwa ce mai tsagar fuska irin wadda Rekiya ba ta taɓa gani ba, tana ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

"Sannu da aiki, ɗiyata. Dutsena ne wannan."

"Yi haƙuri, Gwaggo, ɗauki abinki."

"A'a, ci gaba. Mun daɗe ba mu ci ba."

Rekiya ta yunƙura za ta tashi, hannuwanta suka ƙi sakin ɗan dutsen. Ta kira Mamuda, murya ta ƙi fita. Garin geron kuwa bai taru a faifai ba, ƙasa yake shigewa.

Ta ɗaga kai. Daga bakin zaure har iyakar ganinta mutane ne a jere, shiru, kowa riƙe da ƙwarya.