Farin Wardin da Odile Ta Sare

Zarto na hannun Odile.

A gabanta tsohon farin wardi ya lulluɓe katangar da ta raba gidansu da na su Firmin, saurayinta. Marigayiya mahaifiyarta ce ta dasa shi a gefen da rana ba ta kaiwa, inda sauran furanni suka ƙi rayuwa. Shi kuwa ya haye katanga, ya kama tsohuwar bishiyar tuffa. Ƙayarsa kaɗan ce, yana fure har sanyi ya shigo, ƙamshinsa kuma na kaiwa ɗakin girkin maƙwabta.

Blandine, 'yar mai gonakin inabi, ta daɗe da sa ido a kan Firmin. Ita ta hure wa mahaifiyarsa kunne, cewa wardin ne ke jawo danshin da ke cin katangarsu. Uwar ta rantse ba za ta haɗa zuri'a da masu rushe mata gida ba. Mahaifin Odile kuwa ya ce duk mai son sare wardin sai dai ya fara da wuyansa.

Firmin ne ya roƙi Odile ta sare shi.

"Masoyiyata, itace ne fa... zai sake tohowa. Inna ta huce, mu yi aurenmu kafin tsinkar inabi."

Don haka ta jira ranar kasuwar Lyon, mahaifinta ya fita. Gudun kada a ce ta rage wani abu, sai ta tone gindin, ta yanka ƙasa da wani kumburi da ke jikinsa.

Da tsohon ya dawo bai yi faɗa ba. Ya durƙusa ya shafa kututturen, ya gaya mata cewa kumburin nan shi ne inda mahaifiyarta ta haɗa farin wardin da saiwar wardin daji mai ƙaya. Abin da ke ƙasa da shi ba nata ba ne.

"Da kin bar ko tsawon ɗan yatsa guda a saman kumburin, ɗiyata..."



Da labari ya isa ga mahaifiyar Firmin, sai ta ce yarinyar da ta iya sa zarto a shukar uwarta a bayan idon ubanta, me za ta yi wa suruka? Firmin ya sunkuyar da kai, bai musa ba. Kafin sanyi ya wuce an sa ranarsa da Blandine.

Ana gobe biki Firmin ya leƙo ta kan katanga. Daga kututturen rassa sun fito, dogaye, kore shar, babu fure ko ɗaya.

"Kin gani? Ai na gaya miki zai toho."

Odile ta dube shi.

"Ya toho, Firmin. Sa hannu ka yanko wa amaryarka."

Ya miƙa hannu yana murmushi, ya damƙi reshe. Da ya janye, jini na bin tafinsa.